Kwalin Shinkafar Japon a Hannun Inna

Bari in fara da amsa wa wadda ta rubuto a ƙasan rubutuna na baya, wai ba ni da tausayi, na bar bawan Allah yana ta turo saƙo ina karantawa ina yin shiru. 'Yar uwa, ba ki san rumfar Inna ba. Ba ki taɓa ganin ta da asuba tana hura wuta, hayaƙi na cika mata ido tana sharewa da gefen zane ba. Ki karanta na yau tukuna. In kin ƙare sai ki sake yanke mini hukunci, don ni kaina yau ba zan iya kare kaina ba.

Waɗanda suka shigo yanzu, sunana Nusaiba. A Madarumfa aka haife ni, a nan nake aiki a wani ɗan farmasi da ke bakin hanya kusa da ma'aikatun gwamnati. Babana Malam Illo masunci ne a tabki. Mahaifiyata Hajara, wadda duk unguwa ke kira Inna, abincin rana take sayarwa a ƙarƙashin wani babban iccen bedi, 'yan taku kaɗan daga ƙofar farmasinmu. Shinkafa da miya, shinkafa da wake, dambun zogale, da soyayyen kifin da Baba ke kawowa. Tun ina goye take wurin. Da wannan tukunya aka saya mini littattafan lakwal, da ita aka aurar da yayyena.

Mubarak kuwa shi ne wanda zan aura, ko in ce wanda da zan aura. A rumfar Inna muka fara sanin juna. Kan kifi take ajiye mishi, in ya miƙo kuɗi ta harare shi ta ce ɗa ba ya biya a gidansu. Da ya tafi Yamai neman aiki har ƙwalla ta yi. Can ya samu wurin wata mata 'yar Japon mai gidan abinci, ya fara daga wanke-wanke har ya kai ga riƙe tukunya. Bayan sallar layya ya dawo, danginshi suka kawo goron tambaya, aka karɓa, aka yi addu'a. Ina ta zaɓen atamfa a waya, ban san mi yake shiryawa ba.

Wata safiya muka fito muka tarar an yi wa shagon kawunshi fenti fari da ja. Shagon nan yana tsallaken hanya, daidai fuskar rumfar Inna, in ta ɗaga kai daga tukunya shi take fara gani. An kafa allo an rubuta: Abincin Japon, ɗauki ka tafi.

Da farko dariya mutane suka yi. Aka ce abincin Shinuwa ne, wato 'yan ƙasar Sin, aka ce ɗanyen kifi yake ba mutane, wani ma ya rantse ya ga kwaɗo. Inna ta ce a bar yaro ya yi wasanshi, yunwa za ta dawo da kowa. Amma ya sa kwali ɗaya dala ɗari, kuma ba ka zama ka jira a zuba, miƙo maka ake ka wuce. Malaman lakwal ne suka fara tsallakawa, sai matan asibiti, sai jandarmomi. Har wani tsohon ma'aikacin magajin gari da ya shekara yana cin bashin Inna, na gan shi ya rufe fuska da hula ya bi layi. Inna ta fara dawowa gida da rabin tukunya tana rabar wa maƙwabta, tana cewa sadaka ce ta yi niyya. Daga baya ta koma ɗora ƙaramar tukunya. Ba ta taɓa yin kuka a gabana ba, amma ta daina kiran sunanshi. Mai kwali take ce mishi. Ta kuma gaya wa Baba a gabana cewa in dai da ranta, mai kwali ba zai zauna mata a tabarma a matsayin suruki ba.

Ni ma na ɗauke mishi wuta. Kullum da safe saƙonshi na shigowa.

"Nusi, kin tashi lafiya? Ya jikin Inna da sanyin nan?"

"Ki ba ni dama in yi miki bayani, ko a tsaye ne."

"Na ga kin karanta."

Sau ɗaya na amsa. Na rubuta mishi: "Ka tsallako ka leƙa tukunyarta, ita za ta gaya maka yadda jikinta yake." Daga nan ban ƙara ba.

To, ranar da zan ba ku labari, Inna ba ta fita sana'a ba. Sunan jikar ƙanwarta ake yi a Safo, tun da safe ta ɗaura sabuwar shaddarta ruwan ƙasa, ta yafa babban gyale, ta hau kabu-kabu ta ce sai yamma. Ni ko koko ban tsaya sha ba saboda na makara. Damina ce, zazzaɓi ya kama gari, farmasi a cike tun buɗewa. Mai wurin ya tafi Maraɗi ɗauko kaya, ya bar ni da abokiyar aikina Salamatu. Mun tsaya a kan ƙafa har aka kira azahar. Da na sunkuya ɗauko kwalbar maganin tari sai na ga kantar magunguna na juyawa, na dafa bango.

Salamatu ta ce ita dai ba za ta mutu da yunwa saboda rigimar gidan wasu ba, za ta tsallaka. Na ce ta je Allah ya ba da sa'a. Ta tsaya tana gyara ɗankwali a madubin farmasin, tana gaya mini wai tuni take ci a ɓoye, a bayan kwalayen ruwan ƙari take ajiyewa don kada in gani. Wannan magana ce ta tunzura ni. Wato har cikin wurin aikina abin ya shigo, ina zaune. Na cire farar rigar aiki na jefa kan kujera, na zura hijabina ruwan toka a kan atamfar da ke jikina, na ce mu je. Na gaya mata ba ci zan yi ba, zuwa zan yi in faɗa mishi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Muka ja ƙofa muka rufe.

Ku yarda da ni, a lokacin haka na yi niyya.

Wurin ƙarami ne. Tebur mai gilashi a gaba, kwalaye a jere an ɗaure kowanne da roba, firigo na gurnani a kusurwa. Wani ƙamshi ne ya tare ni tun daga bakin ƙofa, na citta da tafarnuwa da wani abu mai ɗan zaƙi da ban sani ba. Cikina ya yi ƙara, na yi tari don in rufe. Mubarak na tsaye a bayan teburin da baƙar riga da farin ƙyalle ɗaure a goshi. Ya rame, ya yi duhu. Haushin kaina ya kama ni da na lura da hakan.

Da ya gan ni hannunshi ya tsaya a kan kwalin da yake miƙa wa wata malamar asibiti.

"Nusi. Sannu da zuwa."

"Nusaiba sunana."

"Nusaiba. Ki shigo daga rana."

"Rana ba ta kashe Inna ba, ni ma ba za ta kashe ni ba."

Mutanen da ke layi kowa ya samu abin kallo a wayarshi. Na faɗa mishi duk abin da na zo da shi. Na tuna mishi kan kifin da ya ci, da ranar da ya kwanta zazzaɓi Inna ta dama mishi kunu ta aika har gida. Na tambaye shi ko duk faɗin Madarumfa, daga tasha har bakin tabki, babu wani shago sai wanda ke kallon tukunyar matar da ta kira shi ɗa. Ya bar ni na ƙare. Na zaci zai sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, har na shirya yadda zan ƙi karɓa.

Sai ya ce, a hankali, "Ni ban ɗaure kowa da igiya na jawo shi ba. Da ƙafarsu suke zuwa."

Ban san lokacin da na matso har jikin teburin ba. Na ce da ƙafarsu suke zuwa saboda mutanenmu ba su da aiki sai bin sabon abu, ko ƙasa ya zuba a kwali ya ce daga Japon take za su saya. Ya tambaye ni ko na taɓa ɗanɗanawa. Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce to ashe zagin abin da ban sani ba nake yi, kuma bai san ni da haka ba.

Wannan ce ta kama ni. Na buɗe jaka na ajiye kuɗi a kan gilashin da ƙarfi, na ce ya ba ni ɗaya, a gaban kowa zan ci, a gaban kowa zan faɗi abin da na ji. Ya turo mini kuɗin, na sake tura mishi. Salamatu ta ce don Allah mu yi sauri, akwai masu jiran magani. Ya ɗauko kwali ya cire robar ya buɗe mini, ya ɗora wasu tsinkaye biyu a kai. Na ture su na ce hannuna bai gaza ba.

Bari in gaya muku abin da ke ciki, don na san za ku tambaya. Curin shinkafa biyu ne masu kusurwa uku, kowanne an manna mishi wani baƙin abu kamar takarda a ƙasa, wai ganyen teku ne. Gefe guda soyayyar kaza ce 'yan gutsattsari, babu ƙashi. Sai ƙwai da aka naɗe kamar tabarma aka yanka, rawaya shar. Sai yankan kokwamba sirara, da wani yanki na gasasshen kifi da aka shafa wa baƙin romo yana sheƙi. Babu miya, babu mai yana kwance, babu yaji. Na ce a raina wannan ai abincin marar lafiya ne.

Na yi bisimilla na gatsa curin shinkafar.

'Yan uwa, da zan iya yi muku ƙarya da na yi. Shinkafar ta kama jikinta amma ba ta caɓe ba, ɗumi-ɗumi, da ɗan gishiri daidai harshe. A tsakiyarta akwai dakakken kifi da ban yi tsammani ba. Baƙin ganyen ya narke a bakina da wani ɗanɗano kamar iskar tabki bayan ruwan sama. Kazar ta yi ƙus a waje, cikinta da ruwa, cittar ta hau mini har hanci. Ƙwan zaƙi gare shi, na so in ce wannan shirme ne, wa ke sa sukari a ƙwai, amma kafin in ce na riga na kai na biyu baki. Jirin da nake ji ya sauka. Na tsaya a wurin, a gaban mutumin da ya rage wa uwata tukunya, ina cin abincinshi kamar wadda aka sako daga kurkuku.

Kowa na kallona. Shi ma.

Na haɗiye na ce, "Lami. Babu gishiri."

"To," in ji shi. Bai yi dariya ba, amma na ga gefen bakinshi na motsi, kuma da ya yi dariyar da ya fi mini sauƙi.

Na tambayi inda zan wanke hannu don in bar ganin fuskarshi. Ya yi saurin cewa bari ya kawo mini ruwa nan. Saurin ne ya yi yawa. Na ce ba sai ya wahala ba, na ga buta ta ƙofar baya. Ya sake cewa in tsaya, har ya zagayo daga bayan teburin. Na riga shi ɗaga labulen.

Bayan shagon wani ɗan fili ne da rumfar kwano. Akwai babbar roba cike da karfasa manya-manya, irin waɗanda rabon da in gan su a gidanmu tun farkon damina. A gefen robar, a kan kujera 'yar tsugunne, wani mutum na zaune ya naɗe ƙafar wando, wuƙa a ƙasa kusa da shi, ɓawon kifi duk a hannunshi, kwali a kan gwiwa, ya kai curin shinkafa rabin hanya zuwa baki.

Babana ne.

Ya sauke hannu. Ya ce, "Nusaiba, ke ce." Kamar a hanyar masallaci muka haɗu.

Na durƙusa, don ko mi ya yi ubana ne, na gaishe shi. Na ce Baba, ba kai ne da safe ka ce wa Inna tabki ya cika ya yi faɗi, kifi ya watse, ba a samun sai ƙanana ba? Ya kalli robar, ya kalli ƙasa. Ya ce in zauna. Na ce a tsaye nake, aiki na jirana.

A nan ya gaya mini, yana magana yana leƙen labule. Tun buɗe shagon shi ke kawo kifi. Komarshi ta tsufa ta yayyage, kwalekwalen na shan ruwa, kuma kifin da yake kai wa Inna na gida ne, ba a ciniki tsakanin miji da mata, abin da ta samu cefane yake tafiya. Mubarak kuwa a hannu yake biya. Da haka ya sayi sabuwar koma. Ya ce bai ga laifi ba, yaron ai kamar ɗa ne. Na ce in babu laifi mi ya sa ta ƙofar baya yake shigowa.

Mubarak na tsaye a bayana. Shi ne ya ce, "Baba, ka faɗa mata ɗayan, ko ni in faɗa."

Baba ya shafa gemu da bayan hannu. Ya ce kafin a yi fentin shagon, Mubarak ya same shi a bakin tabki ya roƙe shi ya kai wa Inna magana. Wai ta bar zaman rana da hayaƙi, ta shigo shagon su haɗa, ita da tukunyarta a gefe guda, shi da kwalayenshi a gefe guda, wanda ya so miya ya samu, wanda ya so na tafiya ya samu. Baba ya ce to, zai faɗa mata. Da ya zo gida ya tarar tana faɗa a kan tsadar mai, ya ce bari sai ta huce. Washegari ya ce sai gobe. Har aka kafa allo. Ya koma ya ce wa Mubarak ta ƙi.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce na juya na kalli Mubarak, zuciyata ta yi sanyi, na nemi gafara. Ba haka aka yi ba. Wutar ce ta ƙaru, sai dai yanzu ban san wa zan fara ƙonawa ba.

Na ce mishi, "Kai ba ka san hanyar gidanmu ba? Ƙafarka ta karye?"

"Ta yaya zan zauna gaban surukata in yi mata maganar ciniki? Ke ma kin san ba a yi."

"Kunya ta hana ka yi mata magana, amma ba ta hana ka kafa allo a gaban idonta ba."

"Shagon kawuna ne. Nan ne kawai na samu wutar lantarki, kuma ba haya."

"Da aka ce maka ta ƙi fa? Sai ka ce to madalla, ka buɗe?"

Ya ɗauke kai ya kalli robar kifin. Daga baya ya ce duk abin da ya tara a Yamai ya riga ya shiga firigo da kaya, kuma da wannan shagon yake so ya riƙe ni. Na ce kada ya ƙara sa sunana a cikin abin da ya yi wa uwata.

Baba ya miƙe ya riƙo gefen hijabina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ki rufa mini asiri wurin uwarki. Zan faɗa mata da kaina, in na samu lokacin da ya dace." Na kalli furfurar da ke gemunshi da ɓawon kifin da ya manne a ciki. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na saki labulen na fito.

Salamatu ta riga ta koma. Na ratsa layin ban kalli kowa ba. Sai da na taka bakin hanya na lura kwalin na hannuna, da sauran curi ɗaya da kifin da ban taɓa ba. Ban san lokacin da na ɗauko shi ba.

A tsallake, a ƙarƙashin bedi, kabu-kabu na tsaye. Inna na sauka tana gyara gyale. Hadari ne ya haɗo ta wajen Safo, ta ce bari ta gudo kafin hanya ta ɓaci, ta biyo ta farmasi ta ba ni ƙullin naman suna tun da ɗuminshi. Ga ƙullin a hannunta na hagu. Ta kalli ƙofar da na fito, ta kalli hannuna, ta kalli bakina. Na san akwai maiƙo a leɓena, na kasa ɗaga hannu in goge.

Na tsallaka kamar mai tafiya cikin ruwa. Na ce Inna sannu da hanya. Ta miƙo hannu, na ɗauka naman za ta ba ni, ashe kwalin take so. Ta karɓa ta rufe shi da kyau ta sa a jakarta. Naman kuma ta miƙa wa mai kabu-kabun ta ce ya kai wa iyalinshi. Ta sake hawa ta ce ya kai ta gida.

Yadda na ƙarasa aikin ranar, Allah kaɗai ya sani. Sau biyu Salamatu na karɓe magani daga hannuna tana cewa ba shi aka rubuta ba. Waya na ta motsi a aljihun rigar aiki. Mubarak ne: "Na ga Inna. Ki bari in zo gida yau in yi magana da kaina." Na rubuta: "Ka zo ka ga." Na goge. Na rubuta: "Kada ka kuskura." Wannan na tura. Baba ma ya kira, shi da ba ya kira sai an yi rasuwa. Ban ɗauka ba.

Ana gab da magariba na shiga gida. An yi yayyafi, tsakar gida na ƙamshin ƙasa. Baba na zaune a ƙofar ɗakinshi ya baza koma a kan ƙafa yana ɗinki, bai ɗago ba. Inna na kan tabarma a rumfar girki, ta sauya shaddar ta ɗaura tsohon zanenta na aiki. Ba ta ɗora tukunya ba. Kwalin na gabanta a rufe.

Na shirya wa faɗa. Na shirya wa a ce na ci amana, a tuna mini nonon da na sha. Da ta yi hakan da na samu na yi kuka na huta. Sai ta nuna mini gefen tabarma ta ce in zauna. Ta jawo buta ta wanke hannu, ta buɗe kwalin, ta yi bisimilla.

Ta gutsuri shinkafar ta murza tsakanin yatsu kafin ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa tana kallon bango. Ta ɓare baƙin ganyen ta shinshina, ta ɗora a harshe. Ta ce shinkafar ba irin tamu ba ce, ko kuma irin tamu ce aka yi mata wani abu da ba ta gane ba. A yadda ta faɗi haka na ji abin ya fi mata ciwo a kan ganina a ƙofar shagon. Sannan ta ɓalli kifin. Tauna ɗaya ta yi ta tsaya.

"Wannan karfasar tabki ce. Ta yau."

Na ce ban sani ba.

"Babba ce. Dubi kaurin tsokar." Ta ɗan ɗaga murya yadda za ta kai ƙofar ɗaki. "Malam, ashe akwai masu samun manya a tabkin nan."

Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, Allah ke rabawa, wani ya samu wani ya rasa.

Inna ta ce haka ne. Ta cinye kifin tas, ta suɗe yatsa, ta rufe kwalin. Ta juyo gare ni, ta rage murya, amma ba sosai ba.

"Ya yi daɗi. Kada ki yi mini ƙarya, kin ji daɗinshi, ni ma na ji. Shi ya sa ba za su dawo ba." Ta ture kwalin gefe. "Har yanzu yana turo miki saƙo?"

Na ce e.

"To ki fara amsawa. Gobe ki koma ki ci, jibi ma ki koma. Ki sake mishi fuska. Ki shiga har inda yake girki ki ce kina so ki koya saboda gidan aure. Ki gano mini mi yake yi wa shinkafar nan, da abin da yake shafa wa kifi. In kin kawo mini, na iya da hannuna, sai a mayar musu da goronsu."

Na ce, "Inna, wannan ai yaudara ce."

"Shi da ya ci kan kifina ya tsallaka, mi sunan nashi?"

Ta miƙe tana kakkaɓe zane, ta ɗauki buta za ta yi alwala. Har ta yi taku biyu ta tsaya, ta ce saura abu ɗaya. In na shiga, in buɗe ido in ga wane masunci ne ke kai mishi kifi. Duk masuntan tabkin nan babu wanda bai ci abincinta ba a ranar da komarshi ta fito wayam. Tana so ta san sunan wanda ya zaɓi manya ya kai wa mai kwali, ya bar ta da ƙanana. Ta ce ba za ta yi mishi komai ba, a bakin tabki kawai za ta same shi da safe, lokacin da kowa ke nan, ta gaishe shi.

"Kin ji ni, Nusaiba?"

Na ɗaga ido. Ta bayan kafaɗarta ina hango Baba. Ya daina ɗinkin, allurar na tsaye a cikin koma, yana kallona yana girgiza kai a hankali.

Na ce, "Na ji, Inna."